Baƙon Da Ke Kallon Baki

Ko zan manta komai, ba zan manta da shekarar da ɗan baffana ya zo mana daga Barno ba. A ƙauyenmu ne na kusa da Bici, tun Nasara ba su shigo Kano ba. Gona yake nema ya zauna, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba.

Mutumin kirki ne, sai dai kallo! Kana magana zai kafe ka da ido, ko ƙiftawa babu. Kafin kasuwa uku mata sun fara ɓoye 'ya'yansu, ana raɗe-raɗin maye ne. Mai gari ya aiko in kai shi ran Juma'a: ko a ba shi gona, ko ya kama hanya. 

Na zaunar da shi a rumfar da nake saƙa, in koya masa ladabin kallo da guntun Barbarcin da na tsinta wurin kakata. Na zaro ido na ce, "Wannan ƙura ido, rashin kunya ne." Na karkace kai: "Wannan harara, neman faɗa." Na yi masa leƙe ta zana, na yi satar kallo. Matata ta fito ta tarar ina juya idanu, ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Shi kuwa dariya har da riƙe ciki. Da na ce gaban manya ƙasa ake kallo, sai dariyar ta ɗauke, ni kuma ban kula ba.

Ran Juma'a ya durƙusa gaban mai gari, kai a sunkuye. Mai gari ya ce masa sannu, shiru. Sannun da ya fi iyawa! Ya sake, shiru. Dattawa suka fara kallon juna. Na zungure shi, ya ɗago ya ce mini da Barbarci, "Yaya, in ban ga baki ba, magana ba ta shiga. Zazzaɓi ya taɓa mini kunne tun ina ƙarami."

Kunya ta rufe ni. Wata guda a gidana, ban taɓa tambayarsa ba. Na fassara wa jama'a. Mai gari, tsohon Bafillace, abokin wasan Barebari, ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai Babarbare, matso ka kalli bakin ubangidanka da kyau. Haƙori uku suka rage, ƙidaya su!" A ranar aka yanka masa gona a bakin rafi.

Tun daga nan, in mutum ya ƙura mini ido, sai na ji dalilinsa kafin in laƙaba masa suna. Kallo biyar na koya masa, shi ya koya mini na shida: kallon mai son ya ji abin da kake faɗa.