Tafasar Inna

Jama'a, yau an kashe min shuka a bayan gida, kuma har sannu na yi wa wanda ya kashe ta.

Kun tuna tafasar da Inna ta watsa min a zuwanta Abuja na ƙarshe, kafin rasuwarta? Tun daga Katsina ta ƙullo irin a bakin zane. Duk damina da kanta take fitowa, in yi kwaɗo.

Ashe maigidana ya ɗauko wani mutum ya gyara mana fulawa. Na dawo daga ofis, na ɗauki kwano na zagaya in tsinko ganye. Wayam! Jar ƙasa kawai.

Sai ga mutumin yana washe baki, da tankin feshi a baya.

"Madam, ciyawa ya yi yawa! Na cire duka, na ƙona."

Na ce, "Har ta jikin katanga?"

"Shi ne ma mai taurin kai. Na fesa magani, ba zai sake fitowa ba."

Na ce, "Sannu da aiki." Har ruwan sanyi na ba shi.

Ga ni nan zaune a wurin, kwanon na hannuna. Tun da safe na daka ƙuli-ƙulin.