Ruwan Sabara

Ƙamshin ganyen sabara yana tafasa shi ke tashina da safe, a ƙauyenmu na wajen Dungas, tun Nasara ba su zo ba. Cikina ba ya riƙe abinci. An hana ni wake da barkono, sai kunu.

Kakata ke kawo ƙoƙon kafin in ɗauki allona. "Shanye, ƙawata, ɗacin ba zai bi ki gidan miji ba."

Ni ce 'yar fari, don kunya Inna ko sunana ba ta kira. Ina sha ina kallon tururi yana narkewa cikin hantsi, ina tunanin ko ta san ina ciwo.

Bayan rasuwar Inna, ƙanwarta ta faɗa mini: Inna ce ke shiga raɓa ta tsinko ganyen, ta dafa, ta miƙa wa kaka.