Kwana Uku na Kakana a Rawayya

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar kakana, Malam Umaru, a Sudan, kuma har yau ban gama yi masa faɗa a zuciyata ba.

Yana ɗan shekara goma kawunsa ya yi gabas da shi, lokacin da Nasara suka ci ƙasa. Sau ɗaya ya koma gida, bayan shekara ashirin, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Mun taso da magana ɗaya daga bakinsa: ba mu da kowa a Zamfara.

Da ya rasu na tsinci littafin tafiyar a gafakarsa, da ajami. Mutumin nan bai bar komai ba: duwatsun Tsafe, jakin da ya gurgunce a Gusau, furar Bungudu da ya ce ta fi ta kowa. Yana isa garinsu Rawayya rubutun ya tsuke. "Inna ba ta dube ni ba. Ba ta kira sunana ba. Ta juya baya ta ce da ƙanwata, a tambayi baƙo ko ya ci abinci." Kwana uku ya yi, ya ɗaure kayansa bai yi sallama ba.

Ɗan fari ne fa! Wace uwa ce a lokacin za ta kalli ɗan fari ido da ido, balle ta ambaci sunansa? Shi kuwa ya girma inda uwa ke rungume ɗanta tana kuka a bainar jama'a. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na ɗauki ƙafa har Rawayya, na sami 'yar ƙanwar tasa, Inna Hajo, tsohuwa tukuf. Ina karanta mata ta dafe ƙirji.

"La'ilaha! Haka yaz zata? Ai randa yat tahi, tsohuwar ga da ƙahwa tab bi shi har Tsahe, da dakkuwa ƙulle ga zane. Tat tarar ayari ya tashi tun jiya."

Daga nan ta kira ɗanta, dattijo mai furfura, ya gaishe ni. Uwar kakan nawa ce ta sa aka raɗa masa Umaru. Da yake bakinta ba ya iya faɗin sunan, Baƙo take ce masa, kuma Baƙo ya bi shi har yau.

Yanzu ina Gusau, ina kallon 'yata tana kiran ɗanta na fari a waya, tana "Umaruna, ka ci abinci?" ba ko kunya. Da kaka zai gani, na san zai ce duniya ta gyaru. Ni ban sani ba.

Ya bar mana karatu, ya bar mana zuciya mai saurin tashi, wadda na gada ba ragi. Allah ya jiƙansa. Abin da ke ci mini rai shi ne, ya rayu har tsufa yana ganin uwarsa ta ƙi shi, alhali tsakaninsu da haɗuwa a Tsafe kwana ɗaya ne tak.