Marin da Na Yi Tuntuɓe da Shi a Hanyar Fatake

Wata Laraba a ranin 1986, muna aji biyar, Malam Garba ya shigo mana da hoton wata hanya da aka shimfiɗe da duwatsu. Ya ce Rumawa ne suka yi ta tun kafin zuwan Musulunci, har yau tana nan, an ma gina ɗakuna a gefenta inda ake ba baƙi labarin waɗanda suka bi ta. Ya naɗe hoton ya ce, "Mu ma muna da tamu. Ku tashi mu je."

Nan take na gane inda ya nufa. Tsohuwar hanyar fatake ce, wadda ta bi ta bayan babban kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu ta yi wajen Kura. Ko abinci zan kai wa Baba gonar tumatir, zagaye nake yi, domin an ce da tsakar rana ana jin ƙarar ƙarfe a wurin, ba a ganin kowa. Muka bi Malam a jere, ƙawata Hajara riƙe da gyalena. Hanyar ta zurma kamar kwari saboda sawun mutane da jakuna, tsamiyoyi sun rufe ta, ko tsuntsu ba ya kuka. A gefen da tarakta ta yi huɗa, na yi tuntuɓe na faɗi. Abin da ya kayar da ni wani ƙarfe ne mai tsatsa, zobba biyu a haɗe. Malam ya ɗaga shi ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mari ne, irin wanda ake sa wa bayi. Zobban ƙanana ne, daidai ƙafata.

Na koma gida, na tarar da kakata Iya tana bakacen shinkafa, na gaya mata. Ta ajiye faifai a hankali ta ce, "Ba aljanu ba ne, 'yar nan, mutane ne. Ta nan aka shigo da uwata, tana kamar ke." Ta miƙo hannu, alamar in zauna ta ba ni labarin. Tsoro ya hana ni, na gudu ɗakin mahaifiyata Inna na toshe kunnuwana.

Iya ta rasu kafin damina ta faɗi. Yau shinkafa ta mamaye hanyar, an sare tsamiyoyin, babura na wucewa ta kan kanal, yara na wasa a wurin hankali kwance. Har yanzu ban san garin da aka ɗauko uwar Iya ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.