Yarinyar Cikin Akwatin Ƙarfe

Da sanyin shekarar 2013 ne Hajiya, mahaifiyar Baba, ta zo mana Alƙahira neman magani. Muna zaune a unguwar Zamalek, a bene hawa na huɗu. Baba yana aiki a ofishin jakadanci, ni kuma ina 'yar shekara goma sha biyu. Da an idar da magariba sai Hajiya ta ja kujera gaban hita, ta miƙa ƙafafunta ga jan ƙarfen, tana mitar garin da ba a san icce ba. A nan take yi mana tatsuniya, ni da ƙanena Bashir, mu kuma mu saka mata da talabijin.

Akwai wani tsohon shirin turawa mai baƙi da fari da Baba ya sayo faya-fayansa. Labarin Landan ne a ƙarni na sha tara, zamanin keken doki da dogayen huluna. Wani masanin kimiyya 'yarsa ta kamu da ciwon da ba shi da magani, sai ya ƙera akwatin ƙarfe mai wayoyi da tururi, ya kwantar da ita ciki don ta yi barci har zamanin da za a gano maganin. Ita kuwa ya ce mata gobe za ta tashi. Ni nake fassara wa Hajiya, kuma ba ta taɓa bari an tsallake ko kashi ɗaya ba.

A kwanakin nan ina ɗauke da wani abu a ciki. Ranar da na raka su asibiti, likita ya gaya wa Baba da Larabci, a gaban Hajiya, cewa ciwon ya bazu, bai fi wata huɗu ya rage mata ba. Da muka fito Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Halima, abin da kika ji ya tsaya a cikinki." Aka ce wa Hajiya gyambon ciki ne, ta daure ta zauna har ta warke.

Ranar da muka zo kashin ƙarshe, faifan ya ƙi. Bashir ya goge shi da riga, ya hura masa iska, a banza. Ya fara kumbure-kumbure.

"Kashe abin nan," in ji Hajiya. "Ni na san ƙarshensa."

Baba yana gefe yana shan shayi. Ta gyara mayafinta ta fara. Ta ce yarinyar nan idonta kawai ya rufe, kunnenta bai yi barci ba. Tana jin uban yana shigowa kullum yana taɓa wayoyi, tana jin yana gaya wa abokansa gaskiyar ciwonta, sannan ya sunkuyo ya ce mata, gobe, 'yata, gobe. Ta so ta ce masa ba ta son zamanin da ke zuwa. Abin da take so shi ne a mayar da ita ɗakin uwarta, ta yi sallama da maƙwabta, ta nemi gafarar wadda suka yi faɗa a bakin rijiya.

"Hajiya, ai babu rijiya a Landan," in ji Bashir.

Ba ta ko dube shi ba. Ta juya wajen Baba, ta buɗe baki, sai ga Larabci yana fitowa tar, irin na Sudan. Ta maimaita maganar likita kalma bayan kalma, har da wata huɗun.

Kofin shayin ya suɓuce daga hannun Baba.

"Shekara tara na yi a Sudan ina yarinya, kan hanyarmu ta zuwa Makka a ƙasa," ta ce. "Ba ka taɓa tambaya ba, Sani, ni ma ban faɗa ba. Sati uku ina jira ka gaya mini da bakinka."

"Inna, tsoro na ji," ya ce. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

"Na sani. Amma ka ɗora wa yarinya kayan da kai ka kasa ɗauka." Ta jawo ni jikinta. "Khalas, shi ke nan. Ka nemo mini jirgi."

Ranar Juma'a ta tafi Gusau. Ta yi wata biyar tana karɓar baƙi a tsakar gidanta, ta raba kayanta da hannunta, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Sai bara, da aka kwantar da shi a asibiti, likita ya ja ni gefe a baranda ya rage murya, na ji ƙarya mai daɗi ta zo mini har bakin leɓe, a shirye tsaf. A nan na yafe masa. Na shiga ɗakin, na zauna a gefen gadonsa, na gaya masa komai.