Bugun Ƙarshe na Tsoho Kuroiwa

Shekara arba'in da ɗaya Kuroiwa ya yi a layin baya na babbar ƙungiyar makaɗa ta birninsu, a arewacin Japan, yana riƙe da faya-fayen tagulla guda biyu. Aikinsa ya zauna cikin baƙar kwat, masu goge da masu busa su yi ta fama, shi yana ƙirge a zuci, in lokaci ya yi ya miƙe ya gwara su sau ɗaya, ya koma ya zauna. Bai taɓa kuskure ba. Ba kuma wanda ya taɓa tambayar sunansa.

Da ritayarsa ta matso, aka sa kiɗan wata sabuwar marubuciya, Malama Hoshino, a wasansa na ƙarshe. Ya buɗe takardar kiɗan, ya ga an rubuta: ya miƙe, ya ware hannuwa, ya kawo faya-fayen dab da juna, kada ya buga.

Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya sayi kwalin alewar wake, ya je ya rusuna mata.

"Malama, ko ɗan ƙaramin bugu ne, a taimaka wa tsoho."

"Zan yi tunani a kai," in ji ta. Kowa a garin nan ya san wannan a'a ce.

To, Kuroiwa ba ya wasa da aiki, ko da aikin banza ne. Wata biyu yana atisayen rashin bugu a falo, safe da yamma.

"Baban Noriko," in ji matarsa Fusako, "maƙwabta sun daina jin bugunka, sun aiko a tambaya ko ka rasu."

"Ki bar ni, ban ƙware ba tukuna."

Ranar Lahadi da rana zauren wasan ya cika. Ganguna suka yi rugugi, masu goge suka jiƙe da gumi, sai komai ya ɗauke cak. Kuroiwa ya miƙe, ya ware hannuwa, ya tsaya. Mutum dubu biyu suka riƙe numfashi. Aka yi tafi har sai da hannuwa suka yi ja, jagoran kiɗan ma Kuroiwa ya fara nuna wa jama'a. Shi kuwa kuka yake so ya yi.

A wajen ajiye motoci Fusako ta tsayar da shi.

"Tsoho, fito da su. Ni bugu na zo ji."

Ya waiga, ba kowa. Ya zaro su daga jaka, ya ware hannuwa, ya kawo da ƙarfi. Hannuwan suka tsaya da kansu, saura faɗin yatsa. Ya sake, suka sake tsayawa. Ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa.

"Na ƙware," ya ce.

Fusako ta ajiye jakarta a ƙasa, ta kama wuyan hannuwansa biyu, ta haɗa su da iya ƙarfinta.