Yadda Yaya Binta ta koyi riƙon makaranta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Malama Binta, wadda ta shugabanci wata firamare ta gwamnati a Unguwan Shanu. Duk tsawon shekarun nan ban taka makarantar ba sai makon jiya. Ba nisa ya hana ni ba, don daga gidana a Malali ba wata tafiya ba ce. Tsoro nake ji kada in tarar abin da ta ƙarar da ƙarfinta a kansa ya wargaje.

Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka a gabana aka yi komai. Ta daɗe tana koyar da 'yan aji biyu, kuma ba ta taɓa sha'awar wuce nan ba. Ranar da aka ce ita za ta gaji hedimastan da ya yi ritaya, ko abinci ba ta iya ci ba. Ta ce da ni, "Ni da ko yaro ban iya yi wa tsawa ba, ni za a ba manya?"

Zangon farko bai yi daɗi ba. Kunya ta hana ta sa kowa aiki. In malami ya makara, sai ta shiga ajinsa ta koyar, ta kuma yi shiru da maganar. Kullum ta dawo gida murya a dishe. Akwai Malam Isiyaku na aji shida, wanda ya girme ta a aiki, ya kuma sa ran kujerar. Bai taɓa yi mata musu ba. "To, Hajiya" kawai yake cewa, sannan ya bar abin yadda yake.

Ana haka, a farkon damina iska ta yaye rufin ajujuwa uku, duk na ƙananan yara. Daga sama aka ce gyara sai an jira, kafin nan a tura yaran wata makaranta a tsallaken babban titi. Yaya ta san iyayen nan. Yawancinsu direbobi ne da leburori da masu talla, tun asuba suke fita. Babu mai tsallakar da ɗan shekara shida a gaban manyan motoci safe da rana. Za a ajiye yaran a gida ne, kuma da yawa ba za su dawo ba.

Da na ga ta zauna ta yi tagumi, sai na ce, "Yaya, wannan rufin kam ba za ki hau ki kafa shi da kanki ba." Ta dube ni, ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Washegari ta sami Malam Isiyaku, ta ce, "Malam, iyayen yaran nan kai suka sani. Ina so ka tara mini su ranar Asabar. Ni zan yi magana, kai ka tsaya kusa da ni." Ya ce, "Hajiya, da tun farko haka kike faɗin abin da kike so, da an yi."

Ni na riƙe mata jaka a taron. Ta faɗa musu abin da ake ciki ba ƙari ba ragi, sannan ta tambayi wa ya iya kafinta, wa yake da mota. Wani direba Bakatsine ya miƙe ya ce, "Ranki shi daɗe, motata tana nan." Kafintoci biyu suka ɗaga hannu. Ita kuma ta yi ta zirga-zirga ofishin ilimi har aka ba ta izinin gyaran. Aka tsinto kwanon da iska ta watsa cikin unguwa, aka miƙar da mai miƙuwa, aka cike sauran. Kafin ruwa ya zauna sosai, yara sun koma ajinsu.

Daga nan ta sauya. Ta raba ayyuka, ta nemi a ba ta Malam Isiyaku mataimaki. Ta koyi kiran malami ofis ta ja masa kunne, ko da ƙawarta ce, ta kuma fito su gaisa kamar ba a yi ba. Muryarta ba ta taɓa ɗaguwa ba, amma an daina makara.

Lokacin da ta rasu, bayan jinyar 'yan watanni, Malam Isiyaku ya riga ya yi ritaya. Aka ba Malama Rabi kujerar, wadda na sani yarinya ce mai sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan. Ga shi ina ta jin yara sun yi yawa, masu hali duk sun kwashe nasu zuwa makarantun kuɗi.

Abin da ya kai ni makon jiya shi ne jikar Yaya, Ummi, da za ta shiga aji ɗaya. Ubanta ya dage sai can, ya kuma roƙe ni in kai ta. Na kama hannunta muka shiga. Cunkoso gaskiya ne, a wani ajin har da na zaune a ƙasa. Amma na bi ajujuwan ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda babu malami a ciki ba. Malama Rabi ta nuna mini zauren iyaye da suka buɗe a waya, inda ake sanar da komai, daga yaron da bai zo ba har famfon da ya lalace. Da Yaya na nan, na san za ta ɓata rai da ganin waya a hannun malami, za ta kuma yi faɗan yawan yaran har a gaji da ita a ofishin ilimi. Amma ina jin da ta kwana da daɗi.

Da za mu rabu, Malama Rabi ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ta ce, "Anti, a shekararta ta ƙarshe, duk Alhamis sai ta bar mini ofis, ta ce in yanke duk abin da ya taso, kada in neme ta. Na ɗauka gajiya ce. Sai da ta rasu na gane."

Babu aji ko bango mai ɗauke da sunanta, kuma yaran da ke can yau ba su san an yi ta ba. A da wannan zai yi mini ciwo. Yanzu na gane abin da ta bari shi ne makarantar da ke tafiya ba tare da ita ba, da mutanen da suka iya aikin saboda ta sakar musu shi tun tana raye. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinta. Na damƙa hannun Ummi a hannun malamarta, na fito ban ko waiwaya ba.